KWALBAR DA TA KUSA RABA NI DA UMMATA

 Na daɗe ina juya wannan labari a raina, in ɗauki biro in ajiye, saboda ba labarin a yaba min ba ne, labarin wautar da na tafka ne da hannuna. Abin da ya sa na daure yau shi ne, makon jiya wata yarinyar maƙwabtanmu 'yar ajin ƙarshe a sakandare ta shigo wurina da wata kwalba a cikin hijabinta, tana ta murna wai wata uku ta yi tana ɓoye kuɗin tararta har ta sayi maganin da zai wanke mata "tsatsar jiki" fatarta tai sheƙi. Ina ganin kwalbar nan gabana ya yanke ya faɗi. Na zaunar da ita a bakin gado na ba ta labarin da zan ba ku yanzu.

Ni haifaffiyar Ƙauyen Alu ce, nan kusa da Unguwa Uku a ƙaramar hukumar Tarauni. Babanmu ya rasu ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ya bar mu mu huɗu, ni ce babba. Da keken ɗinki Ummanmu ta riƙe mu, ta yi ta taka shi dare da rana har na gama makaranta. Da yake ni ce 'yar fari ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke 'yar nan". A shekarar 2019 aka auna ta aka ce tana da ciwon suga, aka ɗora ta a kan wata ƙwaya da ake kira metformin, safe da yamma. Tana sha kam, amma kullum cikin mita take, wai yana murɗa mata ciki, wai ta gaji da zama baiwar magani.

A 2022 aka sa ranar aurena. Kun san dai hidimar 'ya mace a Kano, gado da katifa da kujeru da kwanuka da tarkacen kicin. Umma ta shiga adashi har biyu, kuma da yake ni ce mai riƙe mata lissafi, duk kwasar da aka yi a hannuna take ajiyewa.

Ana cikin haka aka yi bikin wata ƙawata a Gyaɗi-Gyaɗi. Ranar wuni, bayan an ci an sha, sai wata mata ta zo ta zauna a tsakiyarmu mu 'yan mata. Ke dai bari, 'yar'uwa! Leshinta kaɗai abin kallo ne, ga ƙamshi, ga fata luwai-luwai kamar ta jariri. Ta buɗe jaka ta fito da kwalabe masu kyan gaske da rubutun Turanci, ta fara magana cikin murya mai sanyi.

Ta ce, "Ƙannena, kun taɓa ganin kwanon da aka bari a ruwa ya yi tsatsa? To haka jikin mutum yake yi daga ciki. Turawa na kiran sa oksidetib sitires. Shi ke kawo ƙuraje, shi ke kawo tsufa da wuri, shi ke kawo hawan jini da ciwon suga. Wannan kafson sunansa furobayotik, wannan garin kuma firibayotik. In kika haɗa su wata uku, an wanke tsatsar nan tas, cuta ta fita daga tushe."

Ina jin ta ambaci ciwon suga sai na matsa kusa. Na ce, "Hajiya, ko wanda ya daɗe yana shan maganin asibiti?" Tai murmushi ta dafa kafaɗata ta ce, "Ƙanwata, ai maganin asibiti danne cuta kawai yake yi. Wannan shi ne mai tumɓuke ta."

A daren nan ban yi barci ba. Ina ta hango Umma ta warke ta daina mita, ni kuma na shiga ɗakin miji da fata irin ta Hajiyar nan. Da gari ya waye na zari naira 45,000 daga kuɗin adashi na sayo na wata ɗaya, mu biyu. Na ce a raina ai lafiyar Umma ta fi gado.

Da yamma wanda zan aura ya zo zance. Malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Muna zaune a soro na fito da kwalbar ina ta zuba masa bayani kamar ni na haɗa ta. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, sannan ya ɗago ya ce, "Ranki ya daɗe, likitan Umma ya san da wannan?" Wallahi tambayar nan kaɗai ya yi, amma sai na ji kamar ya mare ni. Na fizge kwalbata na ce, "Ai dama ku maza ba kwa son ganin mace ta waye." Na shige gida na bar shi a zaune. Kwana uku ban ɗauki wayarsa ba.

Ga inda babban laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Bayan mako ɗaya Umma ta ce da ni, "Ke 'yar nan, to yanzu in haɗa da na asibitin ne ko yaya?" Ni da bakina na ce mata, "Umma, tunda ga mai cire cutar daga tushe, me za ki yi da wancan mai murɗa miki ciki?" Ta dube ni ta ce, "To, ke ce mai boko." Ta ɗauki ledar maganinta ta jefa a ƙasan akwati.

Makonni biyun farko har daɗi muka ji, don murɗawar cikin ta tafi. Daga nan sai abubuwa suka fara canzawa. Umma ta koma shan ruwa kamar raƙumi, ta shanye kofi uku a tsaye ta ce maƙogwaronta a bushe yake. Da daddare ta fita fitsari sau biyar sau shida. Ta fara ramewa, zaninta na kwancewa, ta kasa zura zare a allura wai tana ganin hazo-hazo. Na kira Hajiyar a waya na gaya mata, ta ce, "Alhamdu lillahi, ai aiki ne yake yi, dattin ne ke fita ta fitsari. Kar ku tsaya." Na sake zarar wasu 45,000 ɗin.

Wani dare cikin sanyin Disamba, wajen ƙarfe ɗaya, ƙanwata ta tashe ni a gigice ta ce, "Yaya, Umma na surutai!" Na je na tarar da ita idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsage, tana kiran sunan Babanmu da ya shekara da shekaru a ƙasa. Na girgiza ta ba ta gane ni ba. A shekarar ne gwamnatin Kano ta hana 'yan adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, titi wayam babu abin hawa. Na fita ko takalmi babu na dinga dukan ƙofar wani maƙwabcinmu mai mota. Allah Ya saka masa da alheri, bai tsaya tambaya ba. Muka bi ta Unguwa Uku muka hau titin Zariya sai Asibitin Malam Aminu Kano.

Aka soki ɗan yatsanta aka ɗiga jini a na'urar awon suga, na'urar ta ƙi nuna lamba don abin ya wuce iyakarta. Mai lafiya in an auna shi da safe kafin ya karya ba ya kai 6, in ya kai 7 an shiga ciwon suga. Na Umma da aka kai ɗakin gwaji ya haura 33. Nan take aka sa mata ƙarin ruwa aka fara yi mata allurar insulin.

Likitar, wata mace mai tabarau, ta tambaye ni, "Tana shan maganinta kuwa?" Bakina ya yi nauyi. Na buɗe jaka na miƙa mata kwalbar, hannuna na rawa. Ta karanta bayanta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ba guba ba ce, amma ba maganin suga ba ne. Ba abin da ta sha ne ya kwantar da ita ba, abin da ta daina sha ne. Wa ya ce ta daina?" Na ce, "Ni ce." Hawaye suka ɓalle min. Ba ta yi min faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi min sauƙi.

Kwana shida muka yi a asibiti. Wadda ta taya ni jinya ita ce 'yar Kawuna, da nake kira Yaya, ta karanta ilmin ƙananan halittu a Jami'ar Bayero. A dare na biyu, Umma ta samu barci, muka shimfiɗa tabarma a baranda. Na ce, "Yaya, don Allah gaya min gaskiya, duk abin da matar nan ta faɗa ƙarya ne?"

Ta ce, "Amarya, da duk ƙarya ne ai da kin gane. Gaskiya ta ɗauka cokali ɗaya ta dama da ƙarya kwano guda."

Ta ce in ɗauki jikina kamar murhu. Abincin da na ci shi ne itace, iskar oksijin da nake shaƙa ita ke hura wutar, ƙarfin da nake samu shi ne zafin. To babu wutar da za ta ci ba ta yi tartsatsi ba. Tartsatsin nan su masana ke kira firi radikal, kuma in suka faɗa kan kitse ko furotin ko ƙwayar gado da ke cikin jiki sai su ɓata su. Amma jiki ba a zaune yake ba, yana da nasa masu kashe tartsatsi, ana ce musu antioksidan. Wasu shi yake ƙera su da kansa, kamar gulutatayon da katales, wasu kuma daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da E. Ta ce, "Kin tuna ruwan haidirojin da ake zuba wa rauni ya yi kumfa? Katales ɗin jikinki ne ke farfasa shi ya koma ruwa da iska, kumfar ke nan." Sai tartsatsi sun rinjayi masu kashe su ne ake cewa an shiga oksidetib sitires. Wani masani Bajamushe, Helmut Sies, shi ya fayyace wannan suna a 1985.

Na ce, "To ai gara a kashe tartsatsin duka a huta."

Tai dariya ta ce ba haka ba ne. Sojojin jini da tartsatsin nan suke ƙone ƙwayoyin cuta, kuma ɗan kaɗan da motsa jiki ke haifarwa shi ke koya wa jiki ƙara ƙera masu kare shi. Ta ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Finlan aka fitar da sakamakonsa a 1994. An ɗauki maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar bita-karotin, wato sinadarin da ke sa karas ya yi launinsa, da zaton zai kare su daga ciwon daji. Sai aka ga waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Ta ce, "Kin ga ke nan, abin da ke da amfani a cikin karas ba lallai ne ya zama alheri ba in aka tattara shi a kafso."

Dare na uku ta shiga maganar kwalabena. Ta ce a cikin hanjin kowane mutum, musamman babban hanji, akwai bakteriya da ido ba ya gani. Wani lissafi da masana suka fitar a 2016 ya nuna sun kai kimanin tiriliyan 38 a jikin babban mutum, amma nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Na yamutsa fuska, ta ce kar in ji ƙyama, akasarinsu barorina ne. Ta ce, "Ɗauki hanjinki kamar garke. Furobayotik shi ne ki sayo sababbin shanu masu rai ki zuba a garken. Firibayotik kuma shi ne ciyawa da dusar da shanun ke ci, wato ɓangaren abinci da cikinki ba ya iya narkarwa sai su."

Ta ce tunanin ya daɗe. Wani masani ɗan Rasha da ke aiki a Faransa, Elie Metchnikoff, ya rubuta a 1907 cewa yana ganin tsawon ran manoman Bulgeriya na da alaƙa da madara mai tsami da suke sha. Kalmar firibayotik kuwa masana biyu, Gibson da Roberfroid, suka fito da ita a 1995. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara masana suka yanke cewa ba a kiran abu furobayotik sai ƙwayoyin suna da rai, an sha adadin da ya isa, kuma an tabbatar suna amfanar lafiya. Ta ɗaga kwalbata ta ce, "Wannan da ta yi ta yawo a jaka cikin ranar Kano daga gidan biki zuwa gidan suna, wa ya ƙirga miki nawa suka rage da rai?"

Na ce, "To mene ne haɗinsu da tartsatsin?"

Ta ce akwai haɗi, kuma nan ne cokalin gaskiyar yake. In bakteriyar kirki suka ci ciyawarsu, sukan fitar da wasu sinadarai, babbansu shi ne butiret, wanda shi ne abincin bangon babban hanji. In bangon ya yi ƙarfi, dafin mugayen bakteriya ba ya yoyo zuwa cikin jini, kumburin cikin jiki sai ya ragu, tartsatsi ma su ragu. Wasu irin bakteriyar madara kuma da kansu suke ƙera masu kashe tartsatsi. An gwada a kan mutane, har da masu ciwon suga, kuma da aka tattara binciken an ga wani abu da ake aunawa a jini mai suna MDA, wato tokar da ke saura in tartsatsi ya ƙone kitse, yana ɗan sauka, gulutatayon kuma yana ɗan hawa.

Na zabura na ce, "To ai kin ga!"

Ta ce, "Zauna, Amarya, ban gama ba." Ta ce akasarin binciken nan ƙanana ne, mutane 'yan gomomi, na mako 8 zuwa 12, da yawa daga ƙasa ɗaya, Iran, kuma kowanne da irin bakteriyar da ya gwada, sakamakon bai zo ɗaya ba. Lamba ta motsa a takardar gwaji daban, mutum ya warke daban. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Abu na ƙarshe shi ne wanda nake so ki riƙe. Mutanen da aka gwada ɗin nan ba a ce su zubar da maganinsu ba, ƙari aka yi musu a kai. Kuma a jikin mai ciwon suga babu abin da ke hura tartsatsi kamar sugan da ya hau. Ranar da Umma ta ajiye metformin, ranar kika watsa wa wutar kananzir, kina tsaye da cokalin ruwa a hannu."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka mai isata.

Da safe ta nuna min wani ɗan rubutu a gindin kwalbar, ƙanana-ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Ma'anarsa wai ba a yi wannan don gano cuta ko warkar da ita ba. Wato masu kwalbar da kansu sun wanke hannunsu tun a masana'anta, ni ce ban karanta ba. Ta ce ko lambar NAFDAC na gani a jikin irin waɗannan kaya kar in ɗauka hukumar ta shaida suna warkar da suga. Ta ƙara da cewa furobayotik na da wurin da likitoci ke amfani da shi, misali wasu nau'o'insa na rage gudawar da ke biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma likita ne ke zaɓar iri da adadi. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ma a 2020 ta ce a yawancin cututtukan ciki hujjar ba ta kai a ce a sha ba. Daga baya, a 2023, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan ba jarirai bakwaini irin wannan bayan wani jariri ya rasu. Don haka mai raunin garkuwar jiki da jariri ba abin wasa ba ne a gare su.

Ranar da aka sallame mu, muna shiga lungunmu sai ga Bafullatanar da ta saba kawo mana nono da ƙwaryarta a ka. Yaya ta taɓa ni ta ce, "Ga shanunki nan a naira ɗari biyu." Na ce ban gane ba. Ta ce kindirmo ai madara ce aka tafasa, ta huce, aka zuba mata ɗan ragowar na jiya ta kwana. Ragowar nan bakteriya ne masu rai, dangin waɗanda ke cikin kafsona. Ciyawar kuwa tana nan jibge a kasuwar Tarauni: albasa da tafarnuwa, wake da gurjiya, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, kuɓewa, kuka, zogale, rama, ayaba. Masu kashe tartsatsi kuma ga su nan a zoɓo da tumatir da gwaiba da lemo da garin 'ya'yan kuka. Ta ce a Jami'ar Stanford ta Amurka an yi wani gwaji aka buga a 2021, mutum 36 na mako 10, waɗanda aka ƙara wa abinci mai tsami irin su yogot aka ga ire-iren bakteriyar hanjinsu sun ƙaru, alamomin kumburi a jininsu sun ragu. Ƙaramin gwaji ne shi ma, amma abinci aka ba su, ba kafso ba.

Na tsaya ina kallon ƙwaryar nan. Rashin sani dai, kaza ta kwana a kan dami.

Sai dai Yaya ta ja min kunne, ni ma zan ja muku. Ba duk abu mai tsami ne ke da bakteriya masu rai ba, koko da aka dama da tafasasshen ruwa zafi ya kashe akasarinsu, ko da yake yana nan da amfaninsa na abinci. Nonon da ba a tafasa madararsa ba, ko aka sirka shi da ruwan da ba shi da tsabta, yana iya ɗauko miki taifot ko tarin fuka na shanu, don haka ki san a hannun wa kike saye. Yogot ɗin roba mai zaƙi cau kuwa yana ɗauke da sukari mai yawa. Ita Umma ko fura sai an auna mata 'yar kaɗan babu sukari, yadda masu ba da shawarar abinci a asibiti suka tsara mata. Kuma in da gaske kina tsoron tsatsar jiki, fara da abin da ke hura ta: hayaƙin taba da shisha, hayaƙin itace a rufaffen kicin, man suyar da aka maimaita har ya yi baƙi, lemon kwalba kullum, da man bilicin, wanda wasunsa ke ɗauke da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda. Ni dai wata biyu na sha kafso, ko ƙurji ɗaya bai bar fuskata ba.

Saura maganar kuɗi. Da Umma ta ji ƙarfi na durƙusa a gabanta na faɗa mata naira 90,000 na kayan ɗakina sun tafi, ban da abin da asibiti ya ci. Na zaci za ta yi faɗa. Ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Ke 'yar nan, don ni kika yi. Amma daga yau in boko ya gaya miki abu, ki tambayi wanda ya fi ki boko." Shi ke nan abin da ta ce, har yau ba ta sake tayar da zancen ba.

Shi kuwa malamina tun daren farko yana asibiti, shi ke sayo magani, shi ke kawo ruwan zafi a fulas kafin ya wuce makaranta. Na yi ta jiran ranar da zai ce "ai na gaya miki", ba ta zo ba. Da na ba shi haƙuri a soro, kaina a ƙasa, sai ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ba gado zan aura ba." Aka ɗaga biki da wata biyu, aka kai ni da ƙaramin gado da kujeru uku, kuma ban taɓa jin ɗakin ya yi min kaɗan ba. Hajiyar kuwa da na kira ta na gaya mata abin da ya faru, cewa ta yi ita ba ta ce a daina maganin asibiti ba. Daga ranar ta daina ɗaukar wayata.

Yanzu Umma na shan maganinta a kan lokaci. Da muka gaya wa likita zancen murɗawar ciki sai ta ce ta dinga sha tare da abinci, aka gyara mata adadin, abin ya lafa. Ashe abin da ya kamata mu yi tun farko ke nan, magana ɗaya. Duk wata muna zuwa awo, da yamma mukan taka a ƙafa zuwa bakin titi mu dawo, kuma ba a raba tukunyarmu da wake da ganye.

'Yar'uwa, ban ce duk mai sayar da kwalba maƙaryaciya ce ba, wasu su ma yaudarar su aka yi. Ban kuma ce furobayotik banza ne ba. Abin da nake roƙon ki shi ne, in an miƙo miki kwalba an ce tana gyara fata tana maganin suga tana maganin hawan jini duk a lokaci guda, ki juya bayanta ki karanta ƙananan rubutun, sannan ki kai wa likita ko mai ilmin haɗa magunguna kafin ki buɗe. In kuma akwai mai shan maganin suga ko na hawan jini a gidanku, ko da wasa kar bakinki ya furta masa "daina". Iyayenmu sun yarda da mu ne saboda sun sa mu a makaranta, kar yardar nan ta zama ajalinsu.

Yarinyar maƙwabtan namu ta mayar da tata kwalbar, an ba ta rabin kuɗinta, ta ce gara haka. Tawa kuwa tana nan a kan keken ɗinkin Umma. Ta wanke ta tana zuba maɓallai a ciki, ta ce ko ba komai murfinta na rufuwa da kyau.

Sai mun sake haɗuwa. Allah Ya bar mana iyayenmu, Ya ƙara musu lafiya.

Taku har kullum,
'Yar Ƙauyen Alu, Kano.